Ƙafafun Hajjo da Lungunan Gumel

A shekarar da Alhaji Halliru ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka, wato alif ɗari tara da saba'in da shida, Hajjo ta daɗe rabonta da taka ƙasar Gumel da ƙafarta, in ban da tsakar gida. Ba ciwo ne ya zaunar da ita ba, gata ne. Tun da Allah ya buɗa wa Halliru a harkar sufuri, manyan motocinsa suka shiga jigilar shanu da hatsi daga kasuwar Maigatari zuwa Kano, sai ya gina gidan siminti a bayan gari, gefen titin da ya miƙe zuwa iyaka. Ya ɗauke ta daga tsohon gidansu na ƙasa da ke cikin gari, ya ware mata ɗaki, ya ajiye mata ƙaramar mota da direba, wani dattijo mai suna Dogo. Ya kuma kafa doka guda: duk inda Inna za ta, a kai ta a mota. A ganinsa, matar da ta raine shi da surfe da dakau bayan rasuwar mahaifinsa ta riga ta gama tafiyarta ta duniya, abin da ya rage mata hutu ne.

Hajjo ba ta taɓa musa masa ba, domin Halliru ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Idan ya shigo gaishe ta da safe, zaune yake samunta a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe har ƙafafu, ta kau da kai, ta amsa a taƙaice. In tana da magana sai ta bi ta hannun matarsa Amarya, ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan." Haka aka tarbiyyantar da ita, ba ta kuma ga dalilin canzawa da furfura ba. Sannu a hankali jiki ya yi mata nauyi, gwiwoyi suka ƙage, har ta koma yin sallah a zaune.

Bayan ƙaramar Sallah aka yi shela cewa maniyyata su je asibiti a yi musu allurar rigakafi. Dogo ya kai Hajjo da Amarya har bakin baranda. 'Yar matakala ce tsakanin ƙasa da barandar, amma sai da Amarya ta riƙe ta a hannu ɗaya, wata mata ta riƙe ɗayan, kafin ta hau. Ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa mata allura, Malama Hannatu, tana kallonsu. Da ta gama allurar ta sa Hajjo ta miƙo ƙafa, ta danna yatsa a idon sawu, gurbin ya zauna kamar an danna malmalar tuwo.

"Inna, aikin me kike yi a gida?"

"Aikin me fa, 'yar nan? Ko buta ba a bari in ɗauka."

"To, ciwon ke nan. Na auna ki, ban ga wata cuta ba. Zama ne ya kumbura ƙafar nan. Can kuwa ba wurin zama ba ne, ga ɗawafi, ga Safa da Marwa, ga tafiyar jifa. Ki riƙa takawa kullum, kaɗan-kaɗan, da safe da yamma."

Amarya ta kwashe maganar kaf ta kai wa maigidanta, ba ta rage komai ba. Shi kuwa kumburin ya ji, da matakalar da aka kasa hawa. Shawarar takawa ta shiga ta kunne ɗaya ta fice ta ɗayan. Hajjo tana ɗakinta tana jiyo muryarsa daga tsakar gida.

"Uwata ce za ta riƙa yawo a rana kamar marar gata? Gobe a tasha a ce Halliru ya tara motoci ya bar tsohuwarsa tana jan ƙafa a rairayi? Ni na je Makkan nan, na ga yadda turmutsutsu ke yi da tsofaffi. Da idona na ga wata ta faɗi a wurin jifa. In dai sai an je bana, akwai majiya ƙarfi a can da ke ɗaukar marasa lafiya a gadon katako su yi musu ɗawafi. Sai in ɗauka mata su."

Da Amarya ta shigo da wannan saƙo, Hajjo ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, ranar da maza za su ɗauke ni a kafaɗa guda ɗaya ce, kuma ba ta zo ba tukuna."

Halliru bai ji haushi ba, amma ya yanke hukunci. Ya ce Inna ta kwanta ta huta. Idan watan Zulƙida ya tsaya ƙafar ba ta saɓe ba, zai je Kano ya sa a ɗage mata tafiyar zuwa baɗi. Ya faɗa da tausayi, yana ganin rahama ya yi mata. Hajjo kuwa kalmar baɗi ta tsaya mata a rai. Ta san sa'o'inta da suka ce baɗi, baɗin ta zo ta tarar ba sa nan. Tun tana budurwa take ɗaga hannu tana roƙon Allah ya nuna mata Ɗakinsa, ga shi an kawo bakin ƙofa, ƙafa tana neman hana ta.

Akwai al'adar da ba a tsallakewa a Gumel. Wanda ya yi niyyar Makka yakan bi gida-gida ya yi sallama da dangi da maƙwabta, ya nemi gafarar duk wanda zama ya haɗa su, domin ba a zuwa gaban Ka'aba da haƙƙin mutane a wuya. Hajjo ta aika wa ɗanta cewa ko da tafiya ko babu, neman gafara ba ya ɓaci, tana so ta fara. Ya amince, da sharaɗin a kai ta a mota. Washegari ya wuce Damagaram kan wata harkar shanu.

Dogo ya ja motar har cikin gari, ya tsaya a bakin lungun tsohuwar unguwarsu, kusa da masallaci. Daga nan mota ba ta shiga. Lungun ko jaki da mangala sai ya karkata. Ya juyo kamar yadda ya saba duk lokacin da aka kawo ta barka ko ta'aziyya.

"Inna, wa zan kirawo miki?"

Saura kaɗan ta ambaci suna. Sai ta hango kanta zaune a kujerar baya, ta sauke gilashi, mata tsofaffi sun fito daga ɗakunansu sun tsaya a rana, ita kuma tana ce musu su yafe mata. Kunya ta kama ta.

"Malam Dogo, ni ce mai roƙo. Yaya zan aika a kira mini waɗanda zan roƙa? Buɗe mini ƙofa."

"Alhaji fa ya ce..."

"Ya ce a kawo ni a mota, ka kuwa kawo ni."

Ta sauka, ta dafa katanga. Rairayin ya karɓi ƙafarta yana nitsewa, kowane taku sai ta ciro sawun da ƙyar. Wannan lungu da ta sha ratsawa da tulu a ka da goyo a baya, yau ya yi mata tsawo kamar hanyar Ɗanzomo. Amma inuwar katangu ta rufe ta, warin daddawa ya fito daga wani gida, ƙarar lugude daga wani. Ta zauna a dakalin farko da ta tarar, ta huta, ta tashi. A zauren gaba akwai randar da ake ajiye wa masu wucewa, ta ɗebi ruwa da moɗa ta sha, ta ji sanyinsa har ƙirji. Haka ta lallaɓa, zufa na tsiyaya, har gidan Kyauta.

Kyauta 'yar kawunta ce, taubashiyarta, siririyar tsohuwa mai sayar da daddawa wadda bakinta bai san birki ba. Tana tsakar gida tana shanya kalwa ta ji sallama, ta ɗago kai, ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Wa nake gani? Motar ce ta mutu, ko mai ne ya ƙare a ƙasar Gumel?"

"Ba ni tabarma, Kyauta, ki bar surutu."

"Tabarma? Ranki ya daɗe, ai mu nan ba mu da kujera mai taya. Kin tabbata ƙasa ba za ta ƙona ki ba?"

Ta shimfiɗa mata, ta kawo fura. Da numfashin Hajjo ya daidaita, ta gyara zama, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta roƙi gafara kan duk abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

"Na yafe miki duniya da lahira," in ji Kyauta, "ni ma ki yafe mini. Amma akwai guda ɗaya da zan riƙe. Ranar sunan jikata ta Gagarawa da aka yi a gidan nan, Dogo kika turo da turmin atamfa. Atamfa tana guɗa ne? Tana cin tuwon suna? Wannan da ƙafa za ki fanshe shi."

Hajjo ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye. Ta yaye mayafi ta nuna mata ƙafafun, ta ba ta labarin ma'aikaciyar jinya da na watan Zulƙida. Kyauta ta duba sawun, ta taɓa, wasan ya bar fuskarta na ɗan lokaci.

"Shi yaron kin gaya masa abin da ke ranki?"

"Ta yaya? Kin san ba na iya tsayawa gabansa."

"To, bar shi da motocinsa. Gidajen da kika zauna da su a garin nan, in za a bi su ɗaya bayan ɗaya, sun ishe ki magani. Gobe da hantsi ina jiranki a bakin masallaci. Ni zan yi miki jagora, tunda kin zama baƙuwa."

Haka suka fara. Sallamar gida-gida kuwa aiki ce, ba ta ƙafa kaɗai ba. Sai an tsallake dokin ƙofa, a sunkuya a shiga ɗaki, a durƙusa a gaida wadda ta girme ki, a zauna, a tashi, a sake durƙusawa a ɗakin gaba. A gidajen farko Kyauta ce ke ɗago ta, tana cewa, "Tashi, buhun gero, Allah ya sa dai jirgin ya iya ɗaga ki." Ba gidan da ya sallame su hannu wofi. Wannan ta ƙulla kuka a tsumma, wannan yaji, wannan busasshiyar kuɓewa, wai guzuri, domin abincin Larabawa ba ya riƙe cikin Bahaushe. Kowa kuma da saƙon addu'arsa: mai neman haihuwa ga 'yarta, mai ɗan da ya tafi Kurmi shiru, mai son a ambace ta kawai a gaban Ka'aba. Hajjo tana karɓa, tana cewa in Allah ya yarda, alhali a duk unguwar ita kaɗai da Kyauta suka san tafiyar tana rawa.

Ba a jima da farawa ba jiki ya yi mata tawaye. Ta wayi gari cinyoyi kamar an yi musu dukan sakwara, ta ce yau kam ba inda za ta. Ta kwanta tana tunanin ko dai mai gidan nan ne ke da gaskiya. Rana ba ta yi nisa ba sai ga sallamar Kyauta, ta tako tun daga cikin gari, ƙafafu fari fat da ƙasa.

"Ina Hajiyar baɗi? Amarya, ɗora ruwan zafi ki kawo man shanu. Ke kuma miƙo ƙafar. Malam Rufa'i mai makarantar allo ya ji kina zagaye, tun jiya ya sa aka share masa zaure. Kina so in je in ce masa kin fasa?"

Ta gasa mata ƙafafun, ta murza su da man shanu tana zaginta, har sai da Hajjo ta miƙe don ta huta da bakinta. Ranar gida ɗaya suka je, amma sun je.

Daga nan abin ya fara sauƙi ba tare da ta lura ba. Kaka ce, gari ya cika da ƙamshin sabon gero da dafaffiyar gyaɗa, rana kuma ta rage zafi. Kyauta ta tuna mata da hanyoyin da ta manta, ƙananan ƙofofin baya da ke haɗa gida da gida, inda mata ke ratsa unguwa guda ba tare da sun bi ta gaban majalisar maza ba. Ta ga ashe cikin gari an gina shi ne daidai ƙarfin tsoho: kafin ka gaji ga dakali, kafin ƙishi ya kama ka ga randa, ga inuwar darbejiya a bakin rijiya, ga injin niƙa, ga mai kayan miya, duka kusa da juna. Ta tarar da jariran da ba ta san an haifa ba, da zawarawan da ba ta san sun fito ba. Wata rana ta tsinci kanta tana sasanta wata A'i da surukarta a kan tukunyar da aka fasa, kamar yadda ta saba yi a da, ta fito daga gidan tana jin kanta mutum. Ta koma cin tuwo da marmari, barci kuma yana ɗaukarta tun bayan lisha. Wata asuba ta tayar da kabbara, sai da ta kai ruku'u ta farga a tsaye take. Ta idar da sallar, ta daɗe a kan buzu tana godiya, ba ta gaya wa kowa ba.

Dogo ne ya shiga tsaka mai wuya. Da Hajjo ta fara cewa za ta taka daga bakin kasuwa zuwa gida, ya rasa yadda zai yi da dokar maigidansa, sai ya riƙa binsu a baya da motar a hankali, ƙofa a buɗe, ko za ta gaji. Masu shago suna leƙowa suna dariya.

"Dubi ikon Allah," in ji Kyauta, "mutane suna kiwon tumaki, mu muna kiwon mota. Malam Dogo, in mun isa gida sai a ba ta dusa."

Ranar da aka ga jinjirin watan Zulƙida, a ranar Halliru ya dawo. Bayan magariba Amarya ta shigo ta ce jibi zai tafi Kano kan maganar ɗagewa. Hajjo ta ce ta koma ta gaya masa ƙafa ta yi sauƙi, kumburi ya saɓe. Amarya ta je ta dawo jiki a sanyaye.

"Ya ce ya san halinki, Inna. Wai ko wuƙa aka sa miki ba za ki ce da zafi ba, kara kike yi masa don kada a ce ya yi asara. Na ce masa har cikin gari kike shiga da ƙafa, ya ce Dogo zai gamu da shi."

Da safe ya shigo gaisuwa. Ya same ta yadda ya saba samunta, zaune, mayafi har ƙasa, fuska a gefe. Maganar ta zo mata har baki. Ta so ta miƙe tsaye a gabansa ya gani da idonsa, amma tashi ta yi wa ɗan fari baje kolin jikinta abu ne da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma san ta inda ake farawa ba. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin, ya fita zuwa tasha.

Gidan da ya rage mata mai muhimmanci shi ne na Kande, tsohuwar ungozomar da ta yanke wa Halliru cibiya, can ƙarshen gari bayan marina, wuri mafi nisa a duk zagayen. Ta ce a ranta, in ma ba za a je ba, ba za ta bar wannan ba. Dogo ya sauke ta a bakin masallaci yana ta salati, suka kutsa ita da Kyauta, suna ɗan tsayawa a gidajen da ke kan hanya.

Suna gidan wani maƙeri suna gaisawa da matansa, wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga.

"Inna Hajjo, Alhaji na nemanki! Ya tarar da mota ba kowa, ya yi wa Dogo tas, ya shigo lungu da kansa. An ce yana tambaya zaure-zaure."

Hajjo ta zabura. Ta fara laluben takalmi.

"Mu koma, Kyauta. Kada ransa ya ƙara ɓaci."

"Mu koma ina? Kande muka nufa, Kande za mu. In yana son uwarsa ya biyo sawunta. Ai shi ma Allah ya ba shi ƙafa, ba taya aka haife shi da ita ba."

"Ba kyau a wahalar da shi."

"Kin aika masa da baki bai ji ba. Bari ya ji a gwiwarsa."

Hajjo ta tsaya da takalmi a hannu. Ba ta taɓa guje wa ɗanta ba, ba kuma gudu take nufi ba. Amma ta san idan ya same ta a nan, zaune zai same ta, a rufe, fuska a gefe, gobe kuma ya tafi Kano. Ta sa takalmin, ta ɗora ƙwaryar guzurin ranar a ka, ta ce, "Bismillahi," suka fice ta ƙofar baya.

Labarinsa ya riƙa riskarsu ta kan katangu, ya fi shi sauri. A gida na gaba aka ce Malam Rufa'i, wanda ya koya masa karatun allo, ya tare shi a ƙofar zaure, Halliru ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Malam yana tambayarsa yaushe rabon da a ga fuskarsa a unguwar, ƙarar motarsa kawai ake ji daga nesa. A bakin rijiya aka ce ya kuɓuta daga Malam ya faɗa hannun tsofaffin majalisar masaƙa, kowa sai ya gaisa da shi. A marina aka ce ya naɗe babbar riga a kafaɗa, duk gidan da ya yi sallama sai a ce masa yanzun nan suka fita. Kyauta tana dariya har tana riƙe ciki. Hajjo ba ta yi dariya ba, tafiya kawai take yi, rairayi na watsuwa a bayan dugaduganta, tana tasbihi a ranta.

Kande ta makance, amma da jin sallama ta gane muryar. Suka daɗe riƙe da hannun juna. Ta yafe, ta sa albarka, ta ce a roƙa mata cikawa da imani. Da suka fito, a gindin darbejiyar ƙofar gidan suka yi kiciɓis da Halliru. Hula ta karkace, zufa ta jiƙa rigar ciki, ya dafa itacen da hannu ɗaya yana haki. Ya ɗago ido ya ga mahaifiyarsa tsaye, ƙwarya a ka ba ta ko riƙe ba, numfashinta lafiya lau. Nan take ta kau da kai, amma ba ta zauna ba.

Ya durƙusa. 

"Inna... tun daga masallaci? Da ƙafa?"

"A'a, a jirgi," in ji Kyauta. "Sannu, Alhaji. A kawo maka gadon katakon nan da majiya ƙarfi? Na ga kamar kai ne ke bukata."

"Gwaggo, don Allah."

"Ba don Allah ba, don wa? Tun bayan ƙaramar Sallah take ratsa garin nan lungu-lungu. Wanda bai ganta ba kai kaɗai ne, da ke kwana gida ɗaya da ita."

Halliru ya sunkuyar da kai. Daga inda yake durƙushe idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Idon sawu ya fito sarai, jijiyoyi sun bayyana, takalmin fatar da ke ƙafarta kuwa ya cinye ta dunduniya har ya fara ɓulewa. Hajjo ta ji idonsa a kanta, ta ji kamar ta nitse. Ta dubi Kyauta, ta yi magana a hankali, ko da yake tsakaninta da shi bai fi tsawon tabarma ba.

"Ki gaya wa mai gidan nan, ban raina hutun da ya ba ni ba. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa. Amma ina so in je bana, in kuma zagaya Ɗakin Allah da ƙafata."

"Ka ji, ko in maimaita?" in ji Kyauta.

"Na ji, Gwaggo." Ya share fuska da hannun riga, ba a san ko zufa yake sharewa ba. "Ki gaya wa Inna ta yafe mini. Kano kam zan je gobe, amma ba maganar ɗagewa. Takalmi zan sayo mata mai taushi, wannan ba zai kai ta Mina ba."

"Biyu za ka sayo. Nawa ma a hidimar uwarka ya ƙare."

Hajjo ta ce alhamdu lillahi, can ƙasa-ƙasa, sau da yawa. Halliru ya miƙe ya kai hannu ya sauke ƙwaryar daga kanta, ya rungume a ƙirji, ƙullin kuka da yaji suna leƙowa ta gefen babbar riga. Ya tambaya ko ya aika Dogo ya zagayo da mota ta bayan gari.

"Ki ce masa akwai gidan liman a nan gaba, ban shiga ba tukuna," in ji Hajjo.

Ta gyara mayafi ta shige gaba, Kyauta na gefenta tana ba ta labarin wata rigima da aka yi a kasuwa, Alhaji Halliru na biye da ƙwarya, yana tsayawa yana amsa gaisuwar mutane.